Tambaya da Amsa: Me ya sa hotunan tseren babura ke fitowa dishi-dishi?

Tambaya: Malam, na je kallon tseren babura da wayata, amma hotunan duk dishi-dishi suka fito, wasu ma kwalta kawai na ɗauko, babur ya riga ya wuce. Wayar ce ba ta da kyau?

Amsa: Wayarka lafiyarta ƙalau, gudu ne ya fi ƙarfin saitin da ka bar ta a kai. Babur mai gudun kilomita 200 a awa yana cin kusan mita 55 a daƙiƙa ɗaya. Idan kyamara ta buɗe ido na 1/60 na daƙiƙa, kafin ta rufe ya matsa kusan mita guda. A 1/1000 kuwa bai fi santimita 6 zai matsa ba. Don haka ka shiga sashen Pro na kyamarar, inda kake saita ta da kanka, idan wayarka tana da shi, ka kai saurin ɗauka 1/1000 ko sama. A babbar kyamara, ka juya maɓallin saiti zuwa S, ko Tv idan Canon ce, wato saitin da kai kake zaɓar saurin ɗauka.

Sai dai ni ban cika son irin wannan hoton ba. Komai ya daskare, har tayoyi, sai ka ce an jingine babur ne a kan hanya. Abin da masu sana'ar ke yi shi ne bin babur da kyamara. Ka rage saurin zuwa 1/250, ka kafa ƙafafunka, ka matse gwiwar hannu a jiki, ka kama babur tun daga nesa kana juyawa da ƙugu daidai da gudunsa. Ka danna kana cikin juyawa, kada ka tsaya ko bayan ka danna. Babur zai fito tar, bayansa ya zama zane-zanen gudu. Yawancin hotunan farko za su lalace, haka abin yake. In hannu ya faɗa, ka sauko 1/125.

Kuma ka bar miƙaƙƙiyar hanya. A can ne ɗan tseren babur Brad Binder ya kai kilomita 366.1 a awa a filin Mugello na Italiya a 2023. Wace waya za ta bi wannan? Nemi kwana, inda mahayi ke taka birki ya kwanta da babur har gwiwarsa ta shafi ƙasa. Batun kwalta zalla kuwa, jinkirin yatsa ne: yi amfani da ɗauka a jere, wato hotuna da yawa bi da bi, ka fara kafin babur ya iso.

Tambaya: Ragar shinge tana ɓata mini hoto. Ya zan yi?

Amsa: Matso da gilashin kyamara dab da ragar, ka jawo hoton da dogon gilashi mai kusanto da nesa, ka buɗe ƙofar shigar haske ta gilashin sosai, ragar za ta kusa ɓacewa. A waya dabarar ba ta cika aiki ba, gara ka saita idon kyamarar a ramin ragar, ko ka hau kujerun sama. Tsallake shinge kam kada ka fara, babur da ya kuɓuce wa mahayi nan yake nufowa.