Auna farfaɗowar tsirrai a tsofaffin ramukan haƙa: me ya kamata a saya?

Tambaya: Wani mai karatu daga Ƙanƙara ya rubuto cewa ƙungiyarsu ta cike wasu ramukan haƙar farar ƙasa damina biyu da suka wuce, wurin ya yi kore, kuma masu ba su tallafi suna neman shaida a rubuce. An ba su shawarar sayen ƙaramin jirgi maras matuƙi mai kyamara, shi ne yake tambaya ko su saya.

Amsa: Malam, ku riƙe kuɗinku tukuna. Hoton sama zai nuna muku kore, amma da wuya ya bambance muku gamba da tafasa, alhali a nan maganar take. Ƙasar da aka birkita takan fara fitar da tafasa, tumfafiya da ƙarangiya, waɗanda ke rufe fili da wuri ba tare da ƙasar ta dawo hayyacinta ba. Abin da kuke jira shi ne gamba da ƙyasuwa su kama, sabara, kalgo, aduwa da magarya su tsiro da kansu.

Kayan da za su gaya muku wannan duk suna kasuwa: tef ɗin awo mai mita 50, guntayen rodi da za a kafa a matsayin turaku, fenti, littafi mai kaurin bango, da bututun roba da za a haɗa murabba'i mai mita 1 a kowane gefe. A shimfiɗa tef tsakanin turaku biyu, a kowane rabin mita a saukar da siririn tsinke a tsaye, a rubuta abin da ya taɓa, ko ciyawa kaza ko tsakuwa ko ƙasa tsirara. Layi guda ya ba ku wurare 100 ke nan, saboda haka idan 62 sun faɗa kan tsiro, kun san kashi 62 cikin ɗari na layin a rufe yake. Murabba'in kuma na ƙidaya ire-iren ciyayi ne, su kuwa itatuwa sai a ware musu fili mai mita 10 a kowane gefe, a ƙidaya su, a auna tsayinsu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne zaɓen wuri, domin ido kan ja mutum zuwa inda ya fi yabanya. A raba filin gida-gida, a ba kowane lamba, a jefa ƙuri'a. Haka kuma dole ne a kafa irin waɗannan layuka a wani fili na kusa wanda ba a taɓa haƙa ba, don sai da shi za a san ko kashi 62 ɗin abin a yaba ne. A riƙa yin awon a watan Satumba kowace shekara, lokacin da ciyayi suka fitar da kai ana iya gane su, kuma kafin a saki dabbobi bayan girbi. Kada wanda ya ga gawo babu ganye a lokacin ya rubuta shi a matacce, domin da damina yake kakkaɓe ganyensa. Tsiron da ya gagara ganewa, a matse shi cikin takarda a nuna wa dattawan makiyaya, ko a kai sashen nazarin halittu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua.

Tambaya: Wata malamar makaranta daga Daura, wadda ɗalibanta ke lura da wani ramin burji da aka cike, tana tambaya ko sai ta sayi na'urar GPS, mai nuna wa mutum wurin da yake, don ta riƙa gano wuraren awo.

Amsa: Malama, wayarki ta wadatar. Ita da ƙaramar na'urar hannu duk sukan kauce da 'yan mitoci, don haka aikinsu kawai su kai ki kusa da turke, rodin da ke ƙasa shi ne ainihin shaida. A buga shi ya nutse sosai saboda masu tsintar ƙarfe, sannan duk shekara a tsaya a kansa a ɗauki hoto ana fuskantar gefe guda.