Amosanin wuya da haƙƙin tsoffin sojojin Amurka: Likita ya amsa

Likita, na yi aikin soja a Amurka. Wuyana ya sandare, hoton ƙashi ya nuna amosani, amma ma'aikatar tsoffin sojoji, wato VA, ta ce ciwon ba shi da nasaba da aikina. Shi ke nan?

Ɗan'uwa, da sauran magana. Ƙasusuwa 7 ne a wuya, da guringuntsi a tsakaninsu. Shekaru na cinye shi, amma hular kwano, jakar goyo mai nauyi da dirowa da lema na gaggauta lalacewar. Abin da VA ke nema uku ne: ciwon da likita ya tabbatar, abin da ya same ka a bakin aiki, da bayanin likita da ya haɗa biyun. Ba sai ya rantse ba, ya isa ya rubuta cewa yiwuwar aikin ne sila ta kai rabi. In kuma amosanin ya bayyana cikin shekara guda da sallamarka har ya kai matakin naƙasa na kashi 10 cikin 100 a ma'aunin VA, doka na ɗaukar cewa aikin ne ya jawo shi.

Tun Fabrairun 2019 hanyoyin ƙalubalantar hukuncin VA uku ne: ka kawo sabuwar hujja, ko ka nemi babban jami'i ya sake duba takardunka yadda suke, ko ka ɗaukaka ƙara zuwa hukumar da ke sauraron ƙorafin tsoffin sojoji. Kada ka bari shekara ta cika daga ranar hukuncin. Ƙungiyoyin tsoffin sojoji irin su DAV da VFW na taimakawa kyauta.

Maigidana kashi 10 kawai suka ba shi, alhali wasu ranakun ko waiwaye ba ya iyawa.

Hajiya, wannan na damuna ƙwarai, domin sau da yawa dauriya ce ke cutar mazajenmu. A wurin gwaji ana ɗora ma'auni a gefen kai, a ce mutum ya sunkuya. Lafiyayyen wuya na kai digiri 45. Wanda ya wuce 30 amma bai haura 40 ba, kashi 10 ne. Sama da 15 zuwa 30, kashi 20. In 15 ne ko ƙasa, kashi 30. To, tsohon soja sai ya cije leɓe ya tura haɓarsa har ƙirji, ya ce "ba komai", mai gwaji kuwa abin da ya gani zai rubuta.

Sai maigidanki ya faɗi daidai inda zafin ya fara. Ya bayyana ranakun da ciwon ke tashi: sau nawa a wata, kwana nawa, me ke gagararsa, tuƙi ne ko sujada. Wajibi ne mai gwajin ya yi la'akari da wannan. Ke ma ki rubuta abin da kike gani a gida, ana karɓar shaidar iyali. Amma kada a ƙara gishiri.

Likita, yatsuna biyu na sagewa, zafi na sauka ta kafaɗa.

Alamar matsewar jijiya ce, kuma ana auna ta daban da wuyan, don haka ka saka ta cikin buƙatarka. Sai dai in sa maɓallin riga ya fara gagararka, ko kana tangaɗi, ko fitsari na kufce maka, ajiye takardu ka je asibiti yau. Mai yiwuwa laka ce ta matsu, jinkiri kuma na iya barin naƙasar da ba ta warkewa.