Gas ɗin esi ya sake ƙarewa, in zuba da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Ina haya da Corolla ƙirar 2008 tsakanin Aboabo da Kejetia. Sau biyu ke nan bana ana zuba mini gas a esi, ba a wata biyu sai ya koma hura zafi. Na ga ana sayar da gwangwanin gas haɗe da tiyo. In saya in riƙa zubawa da kaina? Daga mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ƙonewa yake ba, zagaye kawai yake a cikin bututu rufaffe. In ya gudu cikin wata biyu, akwai inda yake yoyo, kuɗinka kuwa ruwa kake zubawa a kwando. Abin da na fi gani a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, shi ne robar mahaɗar bututu ta bushe, ko tsakuwa ta huda kondensa, wadda ke gaban lagireto. Duba inda mai ya jiƙa har ƙura ta manne, ka shafa ruwan sabulu. In ya yi kumfa, nan ne.

Zubawa da hannunka mai yiwuwa ne, amma da sharaɗi. Ɗaga bonet ka karanta takardar da ke manne, ta faɗi irin gas da nauyinsa. Motarka R134a take sha. Kada ka yarda da gas ɗin firji R600a don arha, yana kama wuta, kai kuma rayukan mutane kake ɗauka. Ta bakin bututu mai kauri ake zubawa, mai alamar L, mota a kunne, esi a ƙure. Bakin H kuwa ko kusa, ƙarfinsa na iya fasa gwangwani a hannunka. Ka sa tabarau da safar hannu, sanyin gas ɗin ƙona fata yake.

Abin da gwangwani ba zai yi maka ba shi ne zuƙe iska da laimar da suka shiga ciki, wannan sai injin zuƙa ya yi kamar minti 30. Kuma gejin da ke jikin tiyon ba sikeli ba ne, ba ya nuna nauyin gas ɗin da ya shiga. Kwamfiresa, wato injin da ke tura gas ɗin, nawa na cire waɗanda yawan gas ya kashe, masu su suna ganin gata suka yi wa mota!

Ni dai da kai ɗan cikina ne, wurin mai gyaran esi zan tura ka: a toshe yoyon, a zuƙe, a auna gas a sikeli kana tsaye. Ka ce a duba matatar iska da ke bayan aljihun dashbod, ƙurar hunturu kan toshe ta.