Amsa ga mai shirin zuwa Jamus da aikin awon gudun inji

Assalamu alaikum, ƙanena. Ka ce kana son zuwa Jamus karatun injiniyan motoci, kuma aikinka na ƙarshen digiri shi ne na'urar da za ta ƙirga juyin inji a minti daga wutar fulogi, ta adana sakamakon a katin memori, sannan ka tambaya ko aikin bai tsufa ba tunda motocin yanzu suna bayar da wannan adadi da kansu. Gaskiya ne cewa a nan Turai an wajabta wa motocin fetur kafar OBD, wato wurin da ake jona na'ura a karanta bayanan injin, tun 2001, amma babura, janareta da tsofaffin motoci masu distiribita da suka cika garejojinmu ba su da ita, saboda haka aikin yana da amfani, muddin ka yi shi da kyau.

Ka fara da sanin sau nawa ake kunna wuta a juyi ɗaya. A injin mota na fetur, kowace silinda tana samun wuta sau ɗaya a juyi 2, don haka inji mai silinda 4 da koyil guda yana bayar da wuta sau 2 a kowane juyi; idan ka ga bugu 100 a daƙiƙa, wato wuta ta tashi sau 100, injin yana juyi 3000 ne a minti. Yawancin ƙananan babura masu CDI, wato akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, kuwa suna kunna fulogi a kowane juyi, har da juyin fitar da hayaƙi wanda babu man da zai ƙone a cikinsa, kuma wanda bai lura da haka ba zai sami ninkin adadin gaskiya.

Wahalar tana wajen tsabtace siginar. Ƙafar koyil mai lamba 1 tana iya harbawa zuwa volt 300 ko fiye a lokacin da wuta ta tashi, alhali Arduino, ƙaramin allon kwamfutar da zai yi ƙirgar, volt 5 kawai yake ɗauka, kuma haɗa su kai tsaye ƙona allon zai yi nan take. Sai ka rage ƙarfin da rezista da dayod na zina, sannan ka raba ɓangarorin biyu da PC817, wanda yake isar da sigina ta hanyar haske. A babur ya fi sauƙi ka naɗe siririyar waya ƴan zagaye a kan wayar fulogi ba tare da ka fere robarta ba. Bayan kowace wuta koyil yana ci gaba da kaɗawa na ɗan lokaci, na'urar kuma takan ɗauki kaɗawar a matsayin sabon bugu, shi ya sa za ka ga inji yana silo amma na'urar tana nuna juyi 4000. A juyi 6000 tazarar wuta biyu a inji mai silinda 4 daƙiƙa 0.005 ce, don haka ka umarci manhajar ta yi watsi da duk abin da ya biyo cikin daƙiƙa 0.002.

A ganina auna tazarar da ke tsakanin bugu ya fi ƙirga bugu a daƙiƙa, domin a inji mai silinda 4 ƙirgar tana tafiya ne da tsallen juyi 30, kuma ba ta nuna abin da ya faru lokacin da aka taka totur. Ka kuma tara awo da yawa kafin ka rubuta a kati, saboda rubutun yakan tsayar da na'urar.

Game da neman gurbi, abin da malamai a nan suke tambaya shi ne yadda ka tabbatar da ingancin awonka. Ka ari na'urar awon juyin inji a wurin mai rewaya ko a ɗakin gwajin makarantarku, ka kwatanta adadin biyu a silo da kuma a gudu daban-daban, ka saka jadawalin bambancin da hoton siginar kafin tsabtacewa da bayanta a cikin takardun da za ka aiko.