Tambayoyin Masu Karatu: Tsohon Kaset da "Gyararren" Sauti, Wanne Ya Fi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Jekadafari, cikin garin Gombe. Wata gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanina da kawuna. Yana da kaset-kaset na kiɗan kalangu da ya tara tun ba a haife ni ba, yawancinsu na marigayi Shata. Kwanan baya na je wajen masu tura waƙoƙi aka zuba mini irin waɗannan waƙoƙin a mimori, mai shagon ya ce gyararru ne, an wanke su da kwamfuta. Ni dai na ji sun fi ƙarfi, sun fi fita. Kawu ko minti biyu bai yi yana saurare ba ya ce in kashe, wai an zare wa kiɗan rai. Wani abokina kuma ya ce duk zancen banza ne, kunne ba ya rarrabewa. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ka gaishe mini da Kawu, ka ce masa na fi karkata gefensa, ko da yake ba don kaset ya fi kwamfuta ba.

Bari mu fara da kalmar "gyararre". Gyaran gaskiya, irin wanda Turawa ke kira rimasta, shi ne a koma ga uwar ɗauka, wato faifai ko zaren da aka fara naɗar kiɗan a kansa. A kunna shi a na'ura mai lafiya, a daidaita gudunsa, a rage ƙugi a hankali, sannan a kwafe. To ka tambayi kanka: mai shagon nan a ina ya samu uwar ɗaukar Shata, wanda ya rasu tun 1999? Abin da yawanci ke hannun masu wannan sana'a jikan kaset ne, ko ma tattaɓa-kunnensa: an kwafa daga rediyo, an kwafa daga kwafin, an sake kwafa. Kaset kuwa duk lokacin da aka kwafe shi sai ya yi asarar wani abu, musamman siririn sautin sama, ƙugi kuma ya ƙaru. Abin da ya riga ya zube a hanya babu kwamfutar da za ta tsinto shi yadda yake.

Saboda haka abu biyu suke yi. Su danne "shuuu" ɗin nan, sannan su ƙara bes da ƙarfi. Na san haka don ni ma na taɓa yi, kuma na ji kunya. Lokacin ina ɗan shagona kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, wata dattijuwa ta aiko jikanta da kaset ɗin bikin 'yarta in mayar mata a waya. Na zauna na wanke shi tas, ƙugi ya ɓace, ina ta yaba wa kaina. Washegari sai ga ta da kanta. Ta ce, "Ɗan nan, ina guɗar? Ƙanwata ce ta rangaɗa ta, yanzu sai ka ce kaza aka shaƙe." Na sake saurare, wallahi gaskiyarta. Ƙugin kaset da kaifin guɗa a unguwa ɗaya suke zaune, can sama. Da na share ɗaya sai na haɗa da ɗayan. Kalangun ma ya koma kamar ana kaɗa shi a cikin randa, an daina jin saukar makaɗi a kan fata. Ina kyautata zaton abin da Kawu ya rasa ke nan ya kira shi rai. Na mayar mata da kuɗinta, na sake yi na bar ƙugin a ciki.

Yanzu kai. Ka ce naka ya fi ƙarfi, ya fi fita. Nan ne tarkon yake, kuma manya da yawa sun faɗa. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa kunne ba ya kama kaurin ƙasa da siririn sama sosai, idan aka ɗaga shi sai su bayyana. Ma'ana, ka ɗauki waƙa ɗaya tak, ka kunna ta sau biyu, na biyun ka ɗan murɗa sama kaɗan, yawancin mutane za su rantse na biyun ya fi kyau. Manyan kamfanonin waƙa na duniya sun shafe shekaru suna wannan tseren, kowa na son faifansa ya fi na wani ƙara, har ake kiran abin yaƙin ƙara. Illarsa ita ce ana matse kiɗan, wurin da ya kamata ya lafa da wurin da ya kamata ya tashi duk su zama ɗaya. A kiɗan Shata kuwa daɗin yana wajen nan da zai sassauta murya, 'yan amshi su karɓa, kalangu ya taso. In an baje komai ya zama daidai, minti goma ya isa kunne ya gaji.

Abokinka ma bai tashi a tutar babu ba. Akwai wurin da kunne ba ya rarrabewa. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma an zaɓi hakan ne don ya ɗauke duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, wanda iyakarsa girgiza 20,000 a daƙiƙa, shi ma ga yaro mai lafiyar kunne. Mu da furfura ta fara fitowa mun daɗe da sauka daga nan. MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta jagoranci ƙirƙirarsa, yana zubar da abin da yake ganin kunne ba zai lura ba. Kowane MP3 yana da lambar da ke nuna yawan sautin da ya riƙe. Mai lamba 128 kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na nauyin CD yake riƙewa, kuma mai kunne zai iya kama shi a na'ura mai kyau. Mai lamba 320 kuwa, da wuya ka samu wanda zai bambance shi da CD in ba ya ganin abin da aka kunna. Balle a sifikar waya, keken ɗinki na ta ƙara, janareton maƙwabci na amsa masa.

Abu biyu a gurguje, don ana yawan tambayata. Tura waƙa daga waya zuwa waya ta Xender ba ya rage mata komai, ko sau ɗari ne. Amma mayar da mai 128 ya koma 320 ƙara ruwa ne a miya, tukunya ta cika, nama bai ƙaru ba.

Ga yadda za ku kashe gardamar ranar Juma'a bayan an sauko. Ku zaɓi waƙa ɗaya da ke kaset kuma take mimori. Ku haɗa su da sifika ɗaya, kada wannan ya fito ta rediyon Kawu wancan ta iyafis ɗinka. Ku daidaita ƙarfinsu har su zama kai ɗaya. Akwai manhajojin auna ƙara a waya da za su taimaka. Sai ku ukun ku juya baya, wani yaro ya riƙa kunna su biyun, yana farawa da wanda ya ga dama, har sau goma, yana rubutawa, ku kuma kowa ya rubuta wanda ya fi masa daɗi ba tare da ya leƙa na wani ba. Wanda zaɓinsa ya tsaya kan abu ɗaya sau tara ko goma, kunnensa ne ya yi aiki. Wanda ya yi biyar nan biyar can, canki-canka ya yi. Kada ka yi mamaki in ka tsinci kanka kana zaɓen kaset ɗin Kawu da zarar an raba naka da ƙarar da yake taƙama da ita.

Sai dai kafin nan a yi wa rediyon Kawu adalci. Zaren kaset yana tafiya ne santimita 4.76 a daƙiƙa; batir ya yi sanyi ko bel ya saki, sai gudun ya ragu, muryar mawaƙi ta yi kauri, kalangu ya sauka daga inda makaɗi ya ɗaure shi. Ƙurar hunturun Gombe kuma ka san halinta. A samu auduga da ɗan sifirit a goge kan da zaren ke gogawa, a bari ya bushe.

Kuma don Allah ka lallaɓa Kawu ya ba ka kaset ɗin nan a kwafe su a kwamfuta tun zaren bai fara manne wa juna ba. Ka tsaya a kan mai kwafar, ka ce a ajiye su a WAV, wato tsarin ajiyar sauti da ba ya zubar da komai irin MP3, kada a wanke, kada a ƙara bes. In yana son nuna gwanintarsa, ya yi a kan kwafi na biyu.