Ku Tambaya Mu Amsa: Wa Zai Gaji Daniel Craig a Matsayin James Bond?

Wannan satin dai 007, wato James Bond ɗan leƙen asirin Birtaniya na fina-finai, ya cinye mana akwatin saƙo, masu tambaya a kan ƙwallo ku yi mana haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Don Allah raba mana wata gardama da ta hana majalisarmu zaman lafiya. Ni na ce tunda an kashe James Bond a fim ɗin ƙarshe to shi ke nan an rufe babin, abokina kuma ya dage wai sunan ma ba na mutum ɗaya ba ne, laƙabin aiki ne da ake ba duk wanda ya hau kujerar, shi ya sa fuska take canzawa. Wa ya yi gaskiya? Daga wani tela a Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam maigida. Kai da abokin naka duk ku biya kuɗin shayi, babu wanda ya ci. Gaskiya ne a No Time to Die na 2021 an yi abin da mu 'yan gidan kallo muka taso muna cewa ba ya yiwuwa, akta ya mutu, makamai masu linzami suka sauka a kansa a tsibiri. Amma da ka daure ka zauna har rubutun ƙarshe ya gama wucewa da ka ga an rubuta cewa James Bond zai dawo. Labarin Daniel Craig daga 2006 zuwa 2021 zango ne mai zaman kansa, an buɗe shi da ranar da aka ba shi lambar 007 aka rufe da mutuwarsa, wanda zai zo sabon shafi zai buɗe.

Shi kuma abokinka ya haɗa abu biyu. Lambar 007 ita ce ake iya ba wani, an ma ba wata mace, Lashana Lynch ce ta fito da ita a wannan fim ɗin bayan Bond ya yi ritaya. Sunan kuwa na mutum ɗaya ne. A fim ɗin 1969 George Lazenby ya yi aure aka harbe amaryar, Tracy, a ranar bikin, sai ga Roger Moore a 1981 ya je kabarinta da furanni. In laƙabi ne me zai kai shi kabarin matar wani? Kuma a Skyfall an nuna kabarin iyayensa da sunan Bond a jiki.

TAMBAYA: Yaya, ina gaisuwa. Mu nan zango kowa Idris Elba yake so, mahaifiyarsa 'yar Ghana ce ka san namu ne. Shekara da shekaru ana cewa shi ne shi ne amma shiru. Ba wariyar launin fata ba ce kawai ta hana shi? Daga wani ɗalibi a Kumasi.

AMSA: Ƙanina, na san inda ke yi maka ƙaiƙayi, kuma ba zan ce maka babu wariya a maganar ba don akwai ta. Zancen ya yi ƙarfi ne a ƙarshen 2014 lokacin da aka yi wa kamfanin Sony kutse aka fallasa saƙonnin manyansa, a ciki har da na Amy Pascal inda take cewa Idris ya kamata ya zama Bond na gaba. Daga nan fa intanet ta ɗauki wuta, wasu suka ce ai Ian Fleming da ya ƙirƙiri Bond a littafinsa na 1953 bature ya rubuta, wasu kuma ko sakaya maganar ba su yi ba, zagi ne tsirara. A 2015 marubuci Anthony Horowitz ya yi wata magana mai nuna Idris ya yi kama da ɗan titi da yawa, aka yi masa ca har ya fito ya ba da haƙuri. Shi kansa Idris ya faɗa a wata hira a 2023 cewa da farko ya ji daɗin yadda ake ambatonsa, amma da abin ya koma batun fata sai duk ya fita daga ransa.

To amma mu faɗi ɗaya gefen. An haifi Idris a 1972, ya haura hamsin. Wanda aka ɗauka ba fim ɗaya ake so ya yi ba, Craig fim biyar ya yi cikin shekara 15, ya fara yana 38 ya gama yana 53, kuma jikinsa ya gaya masa, a 2019 sai da aka yi masa tiyata a idon sawu bayan ya ji ciwo wajen ɗaukar fim a Jamaika. Roger Moore da ya kai 57 yana gudu da tsalle a fim ɗin 1985 har shi da kansa ya riƙa yi wa kansa ba'a daga baya. Lokacin da Idris ya fi dacewa, wajen 2012 zuwa 2015, kujerar ba a sake take ba, Craig na kai kuma Skyfall ya kawo sama da dala biliyan 1, wa zai sauke direban da ke kawo irin wannan balas? Ni a ganina lokaci ne ya fara cin Idris kafin masu baƙin ciki su ƙarasa.

Hujjar littafi kuwa ba ta da ƙarfin da ake ba ta. Naomie Harris baƙar fata ce ta zama Moneypenny, sakatariyar maigidan Bond, a 2012, Jeffrey Wright ya zama Felix Leiter, abokin Bond ɗan leƙen asirin Amurka, a 2006, sama ba ta faɗo ba. Barbara Broccoli da ta daɗe tana riƙe da fina-finan ta taɓa cewa Bond zai iya zama kowane launi.

TAMBAYA: Ɗana, ni tun zamanin sinima nake kallon 007. Bayan Sean Connery da Roger Moore duk sauran 'yan kwaikwayo ne. Me zai hana a bar abin haka a mutunce? Daga wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Kaduna.

AMSA: Allah ya ƙara girma Baba. Ba zan ja da ku ba a kan Connery, amma in kun yarda zan tuna muku shi ma da kyar aka karɓe shi. Ɗan Sukotland ne da ya taɓa yin aikin raba madara gida-gida a Edinbara, kuma Fleming da farko bai ga alamar ɗan boko mai ƙwalisa a jikinsa ba, sai da fim ɗin Bond na farko na 1962 ya karɓu, daga baya a littafinsa na 1964 ya rubuta cewa mahaifin Bond ɗan Sukotland ne. Moore ɗin da kuke so kuma masoyan Connery cewa suka yi ya mai da abin wasan barkwanci, sai ga shi ya yi fim bakwai.

Wanda ya fi shan ruwan duwatsu shi ne Craig. Da aka sanar da shi a Oktoban 2005 jaridun Ingila suka taso shi a gaba, wai gashinsa ruwan zinare ne, wai gajere ne, wai ba shi da kyau, har shafi aka buɗe musamman don kira a ƙaurace wa fim ɗin, kai har rigar kariya daga nutsewa da ya sa a cikin kwalekwalen da ya kawo shi wurin taron sai da aka yi masa dariya a kanta. Shekara ɗaya bayan nan Casino Royale ya fito kowa ya yi tsit. Yau su ne masu cewa babu wanda zai iya gadonsa. Ko a shirye-shiryenmu masu dogon zango haka muke yi in an canza jaruma, sati uku ana tsine-tsine a Facebook sannan a ci gaba da kallo.

TAMBAYA: Ni dai gajeriya ce tawa, mace za ta iya zama Bond? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Abuja.

AMSA: 'Yar'uwa, 007 e, an ma yi. Bond kuwa Barbara Broccoli, wadda ita ma mace ce, ta ce namiji ne, gara a ƙirƙiro wa mata nasu jaruman da a ba su gwanjon rigar wani. A nan ina bayanta.

TAMBAYA: Oga bar kwana-kwana, kai wa ka zaɓa? Ni Henry Cavill. Daga wani mai gyaran waya a Damagaram.

AMSA: Abokina Cavill ya taɓa zuwa bakin ƙofa, an gwada shi a 2005 yana ɗan 22 aka ce ya yi yaro, yanzu kuma ya wuce 40 kuma duniya ta riga ta san shi da Superman. Aaron Taylor-Johnson ma wata jaridar Ingila ta yi ta yayata shi a Maris 2024. Ni dai na fi son a ɗauko wanda ba a sani ba sosai, ɗan shekara 30 da 'yan kai, don in ka duba Connery da Craig duk ba manyan taurari ba ne ranar da aka ɗauke su.

Abin da ya fi damuna ba fuskar ba ce, mai riƙe da linzamin ne ya canza. Daga 1962 zuwa 2025 gidan Broccoli ne ke yanke hukunci, uba Albert sannan 'yarsa Barbara da ɗan'uwanta Michael G. Wilson. Amazon ta sayi MGM, kamfanin fina-finan da ke da hannu a Bond, a kan dala biliyan 8.45, a Fabrairun 2025 kuma ragamar Bond ta koma hannunta, har Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, ya hau X yana tambayar mutane wa suke so. A 2005 da ra'ayin jama'a aka bi da ba a ɗauki Craig ba, Barbara ce ta toshe kunne ta kafe. Abin da ya ɗan kwantar min da hankali shi ne daraktan da suka ɗauko a Yunin 2025, Denis Villeneuve mai fina-finan Dune, ga Steven Knight a rubutu, sannan cikin furodusoshi biyu akwai Amy Pascal, eh, ita dai wadda ta rubuta wancan saƙon na Idris. Ɗalibinmu na Kumasi kar ka yi saurin murna, ɗauko kalkuleta ka sake lissafa shekarun.