Fayilolina ne, amma kwamfuta ta ce ba ni da izini

Tambaya: Malam, da Ubuntu nake aiki. Na kwafo foldar aikina daga tsohon faifai da sudo cp -r, yanzu duk fayil ɗin da na je gyarawa sai ta ce Permission denied. Na gwada chown da sunana, ta ce invalid user. Wani ya ce in buga chmod 777 in huta. In buga?

Amsa: Kada ka buga, ɗan'uwa. Matsalarka ta mallaka ce, kuma sudo ɗin nan ne ya jawo ta. Duk umarnin da ka sa wa sudo a gaba, root, wato babban asusun da ke da iko a kan komai, shi ne ya aiwatar da shi, saboda haka fayilolin da ya kwafo sun zama nasa ko da a cikin foldarka suka sauka. Buga ls -l ka duba layi ɗaya: gurbi na uku mai fayil ne, na huɗu rukuninsa. Ina kyautata zaton root root za ka gani, da -rw-r--r-- a farkon layin. Wato mai shi kaɗai ke rubutu, kai sai dai ka karanta.

Shi kuwa invalid user, galibi mutum ya rubuta cikakken sunansa ne, wanda yake gani a allon shiga, ko ya fara da babban baƙi. Sunan asusu chown, umarnin canza mai fayil, ke nema, kamar yadda yake a /etc/passwd. Buga whoami ka ga naka. Ko ka bar wa kwamfutar ta cike da kanta:

sudo chown -R "$USER": ~/aiki

Alamar ~ foldar gidanka ce, ka sa sunan foldarka a madadin aiki. Ɗigo biyun da ke bayan sunan na mayar da fayilolin rukuninka na asali. A nan fa ka buɗe ido: -R yana bin duk abin da ke ƙasa, ba ya tambaya. Idan hanyar da ka rubuta ta fara da / kuma tazara ta shiga bayansa bisa kuskure, ko ka auna /usr, har sudo kansa zai ƙi tashi, domin dole ya kasance mallakar root. Karanta layin sau biyu kafin ka danna.

Wani lokaci lamba za ka gani a gurbin suna, kamar 1001. Faifai lamba yake riƙewa, ba suna ba. Root 0 ne, asusun farko a Ubuntu 1000. Lambar da ba ta da mai ita a wannan kwamfutar haka take fitowa tsirara, kuma chown ɗin dai ne maganinta.

Batun 777: karatu 4, rubutu 2, gudanarwa 1, jimla 7, ga mai fayil, ga rukuni, ga kowa da kowa. Ka cire ƙyauren ɗaki ke nan don makulli ya ɓace, fayilolin kuma suna nan hannun root. Idan akwai mabuɗin sirri na ssh, manhajar shiga wata kwamfuta daga nesa, a ciki, da zarar ya zama naka ssh zai ƙi karɓarsa da wannan izinin.

In bayan gyaran wani fayil ya ƙi goguwa, duba foldar da yake ciki da ls -ld, domin izinin rubutu na folda ne ke ba da damar gogewa.